Layin da Ban Karanta wa Adiza Ba

Ku 'ya'yana, da ku biyun da ƙanwata Adiza ta bari, Rashida da Mubarak, kun tashi kuna jin ana cewa a Nima na sayar da jininta. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ni ma ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba. Yanzu na ajiye aiki, idona na dama ya soma dusashewa, shi ya sa nake son in rubuta abin da ya faru a shekarar tun hannuna yana iya riƙe biro. Ban sayar da jinin kowa ba. Amma kada wannan ya sa ku yi saurin wanke ni, ku bari sai kun kai ƙarshe.

A lokacin duk muna gidanmu na unguwar Nima, wanda ke bayan babbar kwata. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Mutumin Nijar ne, albasa yake kawowa kasuwar Agbogbloshie, kuma a bakinsa na koyi irin Hausar da nake rubutu da ita. Mma, kakarku, daga arewacin Ghana ta zo tana yarinya, Hausarta ta Zango ce, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa "ya" ne a wurinta. Wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi tun kafin a haife ni. Ɗakin Adiza na jikin nata. Adiza tela ce, mijinta Sulley direban trotro, wato bas ɗin haya, kuma da sikila aka haife ta. Tun muna yara na san kukanta idan ciwon ya tashi, na san yadda Mma ke tafasa ruwa ta gasa mata ƙafafu da tsumma. An sha cewa ba za ta kai ashirin ba. Ta kai, ta yi aure, ta haifi biyu, har ta doshi arba'in, tana tsokanar kowa a gidan tana dariya da haƙoranta masu wushirya.

Ni kuwa ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na sashen fiziks a jami'a. Ban yi digiri ba. Aikina in goge gilasai, in jera wa ɗalibai kayan aiki, in kwashe idan sun gama. Na fi shekara ashirin a haka, malamai da yawa ba su san sunana ba sai dai su ce "Alhaji", alhali ban taɓa zuwa Makka ba. Sai ga wata malama, Dakta Akosua, ta dawo daga karatu a waje da akwatuna cike da madubai. Ranar farko ta tambaye ni sunana, ta kira ni Mista Fuseini, ta ce hannuna ba ya rawa, irin hannun da take nema ke nan. Wata uku muka yi muna kafa na'urar a kan wani tebur na ƙarfe mai nauyi. Shekarun dumso ne, ana kawo wuta ana ɗaukewa, sau da yawa sai mun gama daidaita madubai wuta ta tafi, mu zauna a duhu muna jiran a tayar da janareta.

Bari in gaya muku abin da na'urar ke yi, don kun ji ƙarya da yawa a kanta. Hasken leza ne ake haskawa a kan wani ɗan allo da kwamfuta ke sarrafawa. Allon yana tsara hasken ya fito da zane, wani lokaci ɗigo-ɗigo a jere, wani lokaci layuka a karkace kamar zanen atamfa. Sai a sauke zanen cikin wata 'yar hanyar ruwa da aka sassaƙa a gilashi, wadda faɗinta bai fi na silin gashi ba. A cikin ruwan akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Idan suka zo ratsa zanen, hasken yana tura su. Wasu su bi layin su karkace gefe, wasu su wuce kai tsaye, gwargwadon girmansu da surarsu. Da ƙwayoyin roba muka fara. Ranar da na fara ganin manyan suna kaucewa hagu ɗaya bayan ɗaya, ƙananan suna wucewa, ba hannun da ya taɓa su, na daɗe a tsaye gaban allon kwamfutar ina tasbihi a zuci. Dakta ta ce idan aikin ya yi kyau, sunana zai fito a takardar da za a buga tare da nata. Ban nuna mata komai a fuska ba, amma maganar ta zauna mini a rai fiye da yadda ya kamata.

Burinta shi ne a gwada da jinin masu sikila. Ƙwayar jini mai lafiya zagayayya ce mai laushi, wadda ciwon ya kama kuwa tana lanƙwashewa ta yi tauri, don haka hasken ba zai tura su iri ɗaya ba. Idan aka iya raba su aka ga yawan kowanne, wataƙila wata rana likita ya duba ɗigon jini ya gane ciwon na shirin tashi. Iyakar abin ke nan. Na'urar awo ce, kuma ko awon ma ba mu kai ba. Yini guda muna aiki, abin da muke rabawa bai cika ɗigo ɗaya ba. Kuma ko da an tace jinin mutum duka, jikinsa zai ci gaba da ƙera irin wanda ya saba. Na san wannan sarai, Dakta ta zana mini shi a allo fiye da sau ɗaya.

Da aka ba ta izinin karɓar jini, sai aka rasa masu bayarwa. Ni na ce a bar mini, ina da mutane a Nima. Wata ranar Asabar da la'asar na sami Mma a tsakar gida tana tsintar wake a faifai, Adiza na gefe a kan kekenta. Na zauna na fara yi musu bayani. Da na ga Mma ba ta gane ba, sai na nuna faifan, na ce kamar yadda take ware tsakuwa da ruɓaɓɓen wake, haka hasken ke ware ƙwayoyin jini masu ciwo daga masu lafiya. Mma ta dakata da tsintar.

"To in ka tsince na banzan, sai ka maida wa Adiza mai kyaun? Shi ke nan ya warke?"

Keken ɗinkin ya tsaya. Adiza ta zuba mini ido. Amsar gaskiya kalma ɗaya ce, a'a. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ba mu kai nan ba tukuna, Mma."

"Yoo," in ji Mma. "Allah ya kai ku."

Na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba. Na ce me zai sa in kashe musu zuciya, mutumin da ya sha wahala irin ta Adiza ai yana da hakkin ya sa rai. Amma na san abin da kalmar "tukuna" ta yi a tsakar gidan nan, don kafin mako ya zagayo Adiza ta tara mata biyar da suke haɗuwa a layin asibiti, duk masu ciwon, duk sun ce za su ba da jini.

Dokar aikin ita ce sai an karanta wa kowa takardar yarda a harshen da yake ji kafin ya sa hannu. Dakta ba ta jin Hausa, nas ɗin da ta zo da ita ma haka. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Mma, matan shida suka zauna, aka miƙo mini takardar da Turanci ina juyawa da Hausa. Na karanta musu cewa ɗan jini kaɗan za a ɗiba, cewa ba za a faɗi sunan kowa ba, cewa wadda ta ga dama tana iya fasawa ko yaushe. Sai na zo wani layi da aka rubuta da baƙin rubutu mai kauri. Cewa yake wannan bincike ba magani ba ne, ba zai warkar da kowa ba, kuma kada kowa ya bar maganinsa ko zuwa asibiti saboda shi. Na ɗaga kai na dubi matan. Ɗaya ta zo da sanda, ƙugunta ya lalace. Ɗaya idanunta sun yi ɗorawa. Na tabbata idan na karanta layin nan, rabinsu za su yafa mayafi su tafi, aikin ya tsaya, Dakta ta ga ban iya abin da na ce zan iya ba. Na sauke idona kan layin da ke ƙasa na ci gaba.

Da na gama Dakta ta tambaye ni da Turanci ko na karanta duka. Na ce na karanta. Suka dangwala yatsa, Adiza kaɗai ta rubuta sunanta.

Daga nan duk mako biyu motar sashenmu takan kawo ni da nas, mu ɗibi jini mu sa a ɗan akwatin ƙanƙara mu koma. Mutanen unguwa suna gani, ba wanda ya ce komai a lokacin. Aikin kuwa ya yi kyau fiye da zatonmu. Wata rana Adiza ta matsa sai na kai ta ta gani. Ta ci ado kamar mai zuwa biki, muka hau trotro biyu. Na zaunar da ita gaban allon, na sa jininta, na kunna hasken. Ta ga zagayayyun suna bin layi suna karkacewa, lanƙwasassun suna tuntuɓe suna wucewa ta wata hanya. Ta kai yatsa kan allon.

"Yaya, waɗannan masu kama da lauje, su ne ke cizona?"

"Su ne."

"Ka ga 'yan banza. Shekara nawa muna tare, yau na fara ganin fuskarsu."

Ta yi dariya har Dakta ta leƙo daga ofis. A hanyar komawa, da muka kusa sauka, ta ce:

"Yaushe za ku yi na jiki duka?"

"Da sauran aiki."

"Ku yi sauri dai. Na gaji da jinin mutane."

Ta faɗi haka ne saboda ƙarin jinin da aka yi mata na ƙarshe bai karɓe ta ba. Ta yi zazzaɓi da rawar ɗari har ta ce ta ga mutuwa, tun daga nan take tsoron jakar jini. A cikin trotro ɗin nan ma ina da damar in gaya mata. Na juya ina kallon titi.

Ciwon ya tashi da damina, bayan ruwa ya dake ta a hanyar kasuwar Tudu inda ta je sayen yadi. Sulley ya kai ta asibiti da safe. Wajen azahar ya kira ni ina wurin aiki, da Hausarsa ta Zango irin ta Mma. Ranar muna da baƙi daga waje da suka zo ganin na'urar, ba a ɗauke wuta ba tun safe, komai na tafiya daidai.

"Chale, abokina, likita ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai paa, sai an ƙara. Shi kuma ya ƙi. Ya ce injinka ya kusa, zai jira a tace nasa."

"Ka ce mata in ji ni ta yarda a ƙara."

"Na faɗa. Ya ce kai ka zo ka faɗa da bakinka."

Na ce ina zuwa da zarar baƙin sun tafi. Ban ce ya ba ta wayar ba. Da na yi haka, da a gaban Dakta da baƙinta zan faɗi abin da na ɓoye, ko da ba sa jin Hausa ni ina ji. Baƙin ba su tafi ba sai bayan la'asar. Na fito ana ruwa, hanya ta cushe. Da na isa asibitin aka ce ai ta sa hannu ta fita tun ɗazu, ta ce a gida za ta jira yayanta.

Na same ta a ɗakinta an jingina ta da matashi, tana numfashi sama-sama, leɓɓanta sun yi fari. Mma ta fita ɗebo ruwan zafi, Sulley ya tafi neman tasi don shi bai yarda da dawowar ba. Mu biyu ne kawai. Na durƙusa a gaban gadon.

"Adiza, ki tashi mu koma a ƙara miki jini. Injin nan ba ya warkarwa. Ba zai taɓa tace jinin jikinki ba, ba don haka aka yi shi ba."

Sai da ta tara numfashi sannan ta ce:

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun farko."

Ba ta zage ni ba. Ta kawar da kai wajen bango, ta ce in miƙo mata mayafinta. A tasin tana jingine da kafaɗar Sulley, ba ta ƙara yi mini magana ba. An sa mata jinin, amma ciwon ya riga ya hau ƙirji. Washegari da hantsi ta cika. Daga baya likitan ya ce mini irin wannan ko an ƙara jini da wuri ba a da tabbas. Na gode masa. Na riƙe maganarsa shekaru ina neman in fake a bayanta, ba ta taɓa isata ba.

Ranar sadakar uku Sulley ya tare ni a ƙofar gida, a gaban mutane.

"Ina ka kai jinin matata?"

Na fara yi masa bayanin gilashi da haske, ya ɗaga hannu ya juya. Kafin bakwai magana ta gama unguwa. Aka tuna da motar, aka tuna da akwatin ƙanƙara. Aka ce sikaduro na yi, wato tsafin kuɗi, na ba da ƙanwata. Matan nan biyar suka daina gaishe ni, mijin ɗaya ya zo har gida yana neman a dawo da jinin matarsa. A masallaci idan na tsaya a sahu sai na ga gefena ya yi faɗi. Masu sayen waken Mma suka ragu, har ta koma dafa rabin tukunya. Matata Memuna, mahaifiyarku ku 'ya'yana, ta daina zuwa famfo sai ta aiki ɗayanku, ku ma kun san abin da aka riƙa ce muku a makarantar allo. Ku kuma Rashida da Mubarak, Sulley ya kwashe ku ya kai ku wurin danginsa a garin Tamale, ban ƙara ganinku ba sai da kuka zama manya.

Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan shi ne Mma. Ita kaɗai ta tsaya mini. Duk wanda ya kawo mata maganar a wurin sana'arta sai ta ajiye ludayi ta fuskance shi.

"Yarona bai ci jinin kowa ba. Magani yake nema wa ɗan'uwansa, saura kaɗan ya gama, lokaci ne bai jira ba."

Ina jin tana faɗin haka, ina shiru. Da ƙaryata take kare ni, kuma na bar ta, don na ga gara a ce mini matsafi a titi da in ga fuskarta idan ta ji gaskiya.

Dakta ce mutum ta farko da na gaya wa, bayan sadakar arba'in. Ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce duk abin da muka samu daga jinin matan nan shida ba za a yi amfani da shi ba, tunda ba su san abin da suka yarda da shi ba, kuma dole ta sanar da waɗanda suka ba ta izini. Ta ce laifinta ne ita ma da ba ta nemo wani mai jin Hausa ya zauna ya saurara ba. Da hannuna na kwashe gilasan da muka adana na kai inda ake ƙone irinsu. Aikin shekara guda ke nan. Aka dakatar da gwajin jini, aka mayar da ni wurin jera wa ɗalibai kaya, a nan na ƙare aikina. Dakta ta ci gaba da ƙwayoyin roba na ɗan lokaci, daga baya ta koma waje. Ni kuma na kwashe ku 'ya'yana muka bar Nima muka kama haya a unguwar Madina, na ce muku don kusa da wurin aiki ne.

Duk Juma'a nakan je gaida Mma. Ta tsufa, ta bar sana'a, ido ya tafi. Shekara bakwai ina zuwa ina komawa da maganar a bakina. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na same ta ita kaɗai a ƙofar ɗaki, tana shan iska. Ta soma ba ni labarin wata mata da ta zo gaishe ta, har ta sake faɗa mata cewa saura kaɗan ɗanta ya warkar da Adiza. Na ce Mma, ba haka ba ne. Na gaya mata duka, tun daga ranar faifan wake har abin da muka yi da Adiza a ɗaki lokacin da ta fita ɗebo ruwa. Ta saurara, hannunta a kan gwiwa, ba ta katse ni ba.

"Takardan yana nan?"

"Tana nan, Mma. Ta Adiza na ajiye."

"Juma'a ka zo da shi."

Na zo da ita. Ta sa na zauna a kan tabarma a gabanta, daidai inda matan suka zauna. Ta ce in karanta mata wurin da na tsallake, da Hausa, yadda ya kamata in karanta a ranar. Na buɗe takardar, na sa tabarau, na karanta: wannan bincike ba magani ba ne, ba zai warkar da kowa ba, kada kowa ya bar maganinsa ko zuwa asibiti saboda shi.

Ta jira ko akwai saura.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mma."

"Ashe bai da tsawo koraa, ko kaɗan."

Ta miƙa hannu na ba ta takardar. Ta shafa ta da yatsunta har ta kai ƙasa, ta tambaye ni ina Adiza ta rubuta sunanta, na ɗora mata yatsa a wurin. Ta daɗe a haka. Na ce ta yafe mini. Ta ce ita ba ita na cuta ba, in je in nemi yaran. Sannan ta ce in taimaka mata ta shiga ɗaki, rana ta fara dukanta.

Ta yi wata huɗu bayan nan kafin ta rasu. Ban daina zuwa ba, ba ta daina amsa gaisuwata ba, tana tambayar lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Amma Memuna ta gaya mini, ranar da wata tsohuwar maƙwabciya ta sake tayar da maganar sikaduro a gabanta, Mma ba ta ce komai ba, ta dai nemi a miƙo mata carbinta.